Amanar da na ɗauko a cikin dutsen guga

Sau uku fastonmu yana cewa in tashi in ba da shaida a gaban ikilisiya, sau ukun ina ba shi haƙuri. Da na buɗe baki sai murya ta ƙi ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda Allah ya nufa ya karanta.

Ni tela ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Kafur ta jihar Katsina. Mu Hausawa ne Kirista. Kakana Bamaguje ne, shi ya fara karɓar bishara a gidanmu, mahaifina kuma ya rasu yana dattijon ikilisiya. Tun ban iya ɗaura tazugen wando ba na haddace Dokoki Goma a makarantar Lahadi, muna rera su kamar karatun aku. Ranar da na fara jin nauyinsu ina ɗan shekara tara, na kwaso ƙwan zabi bakwai a gonar maƙwabcinmu. Baba bai dake ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ƙwarya ya ɗora mini a ka, ya bi bayana har ƙofar gidan mutumin, ya sa na faɗi abin da na yi da bakina a gaban 'ya'yansa, waɗanda abokan wasana ne. Da muka juyo duhu ya yi, yana riƙe da fitilar ƙwai. Na ce masa ba na ganin hanya. Ya ce, "Kana ganin inda za ka sa ƙafa?" Na ce e. Ya ce, "To sa. In ka sa, za ta nuna maka na gaba." Sai da na girma na gane ashe Zabura 119 yake fassara mini, inda aka kira maganar Allah fitila ga ƙafa.

A 2016 na zo Sudan. Wani ɗan kasuwa da ke sayo jallabiya da turaren wuta yana kaiwa Kantin Kwari ya kawo ni daga Kano, wai in koyi yankan jallabiyar Sudan mu buɗe shago tare. Wata huɗu ya yi ya koma, ya daina ɗaga wayata. Ba zan tsaya a kansa ba, na riga na yafe masa.

Wanda ya tsince ni wani tsohon tela ne a unguwar Mayo, kudancin Khartum. Bahaushe ne haifaffen Maiwurno, garin nan na bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakan tsohon a ƙafa ya baro ƙasar Hausa da niyyar hajji, ya tsaya noman auduga ya tara guzuri, har mutuwa ta riske shi a nan. Hausarsa irin ta da ce, cakuɗe da Larabci. Baba nake ce masa, shi kuma "ɗana", in ya ji haushina ya ce "ya zol", wato "kai mutumin nan" da Larabcin Sudan. Ranar farko na gaya masa ni Kirista ne, don kada ya ji daga baya a bakin wani. Ya daɗe yana kallona, don a ransa bai taɓa kawo cewa akwai Bahaushe Kirista ba. Can ya ce, "Ka iya ɗinki?" Na ce na iya. Ya nuna mini keke.

Lahadi ranar aiki ce a Sudan, Juma'a da Asabar ake hutu. Amma tun daga makon farko Baba ya ce in riƙa tafiya sujada in dawo da azahar, bai taɓa cire mini ko jine ɗaya, wato kuɗin Sudan, ba. Da 'yan Dutsen Nuba da 'yan Kudu nake sujada, cikin Larabci, ni kaɗai ne mai Littafi Mai Tsarki na Hausa a benci. Shekara bakwai muka yi a haka. Ina aika wa Inna ɗan abin da na samu, ina kuma tara kuɗin komawa gida in yi aure.

A farkon Afrilun 2023, cikin azumi, Baba ya tashi zuwa umara. Daren da zai tafi ya rufe shago daga ciki, ya kwance wani ƙulli a kan teburin yanka. Awarwaro shida na zinariya, sarƙa ɗaya, zobe biyu. Na marigayiya matarsa ne, ya kai wa maƙeri an gyara, saboda jikarsa za ta yi aure a Maiwurno bayan Babbar Sallah. Ya haɗa mini da kuɗin ɗinkin Sallah da mutane suka fara biya. Ya ce, "Ɗana, kwana ashirin zan yi. In wani abu ya same ni, ka kai wa 'yata." Babu shaida, babu takarda, ko 'yar tasa ba ta san kayan suna hannuna ba.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu da safe ina kan keke, shago cike da kayan Sallar mutane, sai ƙasa ta girgiza. Ta wajen Madina Riyadiyya ƙarar ta fara zuwa, inda dakarun Janar Hamidti Dagalo, waɗanda kowa ke kira Da'ama, masu faɗa da sojan ƙasar, suke da sansani, kuma ba nisa tsakaninmu. Kafin la'asar jiragen sojan ƙasar, na Janar Burhan, suna shawagi a kanmu. Aka rufe filin jirgi, aka rufe bankuna, wuta ta ɗauke, ruwa sai na amalanken jaki in ka samu. Sallah ta zo ranar 21 ga wata, ba wanda ya zo karɓar ɗinkinsa. Har yau nakan tuna wata 'yar rigar yarinya ruwan hoda da na gama sa wa maɓalli, tana rataye a ƙusa. Lambar Baba ta Saudiyya kuwa na kira har na gaji, ba ta shiga.

Daga nan wawaso ya fara. An fasa kasuwanni, an fasa gidajen da masu su suka gudu, har aka riƙa baza kayan a fili ana sayarwa a wuraren da mutane suka laƙaba wa suna kasuwar Dagalo. Abin da ya fi ba ni tsoro ba masu bindiga ba ne. Maƙwabta ne, mutanen da na sani da kamun kai, ka gan su ɗauke da firji a amalanke suna cewa ai in ba su ɗauka ba wani zai ɗauka.

A ƙarshen watan aka ce gwamnatin Najeriya ta kawo motoci Jami'ar Afirka, za a kwashe ɗalibai da sauran 'yan ƙasa zuwa iyakar Masar. Kafin in fita na ɗauko tsohon dutsen gugan Baba na gawayi, mai zakara a hanci, wanda muke komawa gare shi in an ɗauke wuta. Na naɗe zinariyar a tsumma, na shimfiɗa a cikinsa, na kwaɓa laka na shafe samanta kamar ana daɓe, na bar shi a rana ya bushe. Sannan na zuba toka da guntayen gawayi. Kuɗin Baba na ɗinke su a ƙugun wandona. Nawa na sa a safa.

Kwana biyu na yi a ƙofar jami'ar cikin ɗaruruwan yara 'yan Kano da Katsina da Jigawa, rana tana dukanmu, ana jin harbi a bayan katanga. An rubuta sunana. Wani abokina ɗan garinmu da ke gyaran waya, shi kaɗai na gaya wa abin da ke jakata. Ya ce, "Kai, wawa ne kai? Yaƙi ake yi. Tsohon nan ko yana raye ko ya mutu, wa ya sani? Ka shiga mota. In ƙura ta lafa ka mayar masa." Maganarsa ba ta rasa hankali ba, kuma ban ce mugu ne ba. Amma na san kaina. Na san da zinariyar nan ta isa Kano, ga Inna, ga ƙanne, ga maganar aure, awarwaro ɗaya zan fara cewa aro na yi. Kuma ba "in ƙura ta lafa" Baba ya ce ba. Cewa ya yi in wani abu ya same shi.

Ban ji wata murya daga sama ba, ban yi mafarki ba. Na roƙi Ubangiji ya nuna mini alama, bai nuna ba. Abin da kawai ya tsaya mini a ƙirji shi ne kalmomi huɗun nan da na rera tun ina yaro: kada ka yi sata. Da aka fara kiran sunaye na ɗauki jakata na fita daga layi. Abokina yana ta kirana, ban waiga ba, don na san in na waiga shi ke nan.

Daga tashar Mina Barri na samu mota zuwa Wad Madani da kuɗin da ya ninka na da sau da yawa. Tafiyar da ake yi cikin awa uku muka wuni muna yi. A shinge na biyu aka sauke mu duka. Wani yaro da bai kai ƙanena na uku ba, ya naɗe fuska da rawani, ya sa mini bakin bindiga a ciki yana tambaya da Larabci ko ina da kuɗi, ko ina da zinariya. Na ce, "Ni tela ne, ga kayan aikina." Ya zazzage jakar: almakashi, tef, Littafi Mai Tsarki, dutsen guga. Ya ɗaga murfin, iska ta kwaso tokar ta watsa masa a ido. Ya yi tsaki ya yi jifa da shi gefen titi. Ya sa na cire takalmi, ya kwashe kuɗin safa, tarin shekara bakwai, ya haɗa da wayata.

Na sha tambayar kaina ko abin da na gaya wa yaron nan ƙarya ne. Ban ce babu ba, amma na so ya ɗauka babu. Na kai maganar wurin fastoci biyu, ɗaya ya kawo mini labarin ungozomomin Ibraniyawa da suka ɓoye wa Fir'auna gaskiya don ceton jarirai, ɗayan ya ce in roƙi gafara in wuce. Na roƙa. Ba wannan ne ya fi damuna ba, na gaba ne.

Madani a lokacin ta cika maƙil da 'yan gudun Khartum, makarantu duk sun zama wurin kwana. Kwana biyu da isata zazzaɓi ya kayar da ni, aka ce maleriya da taifot. A barandar wata majami'a na kwanta, wata tsohuwa 'yar Nuba mai sayar da shayi tana ba ni kunu da cokali. Magani sai da kuɗi. Na farke ƙugun wando na ciri na ƙarin ruwa da allura, na rubuta adadin a bangon Littafina na baya. Wannan ban ji nauyinsa sosai ba, na san Baba da yana nan da kansa zai biya.

Da na fara miƙewa na sake farkewa. Na je kasuwa na sayi waya. Na ga arharta, na ga hoton wasu yara biyu a fuskarta da ba a ko goge ba, na san sarai daga inda ta fito. Na saya duk da haka, da kuɗin da ba nawa ba. Ni da na bar motar gida don kada in yi sata, ga ni na sayi kayan sata da kuɗin amana, ina gaya wa kaina ai larura ce. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya karanta labarina ya ɗauka wani tsayayye ne ya rubuta.

Da wayar na kira gida, ƙanwata ta ce Inna tana kwance tun Ista, ƙafafu sun kumbura, ɓoye mini suka yi. A daren nan na ɗauki dutsen guga na koma bayan majami'a, na zubar da tokar, na sa almakashi na fasa lakar. Lissafina ya fita tsaf. Awarwaro biyu sun ishe ni: Gadarif, Gallabat, in tsallaka Matama, in kai Adis Ababa, jirgi zuwa gida. Maiwurno kuwa tana kudu, kuma ko na kai kayan, ba ni da ko sisin da zan koma da shi. Na riƙe awarwaron a hannu har gari ya fara wayewa. Addu'ar da na yi a daren ba mai daɗin ji ba ce. Na gaya wa Allah na yi maka biyayya a Khartum, ka bari aka kwashe gumina, ka bari na kwanta, yanzu kuma uwata. Na ce in wannan ce jagorar taka, ban gane ta ba.

Da safe aka haɗa ni da Inna. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta saba doguwar magana da ni ba. Na gaya mata komai, ina fata a raina ta ce in taho. Ta yi shiru, ina jin numfashinta. Sai ta ce, "Kai yaron nan, kayan mutane ne a hannunka?" Na ce e, Inna. Ta ce, "To ka kai musu. Ni ina hannun Yesu, ba a hannunka nake ba." Ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Na sake kwaɓa laka.

A farkon Yuni na isa Maiwurno ta Sinnar. Ka rantse wani gari ne a ƙasar Sakkwato, ga masu agashe a bakin hanya, ga mata da ƙoren godo-godo, yara suna ta Hausa. Da kwatance na samu gidan. 'Yar Baba ta girme ni, Yaya na ce mata. Na yi sallama, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, mijinta yana zaune. Da na ajiye dutsen guga a gabansu suka kalli juna, ina jin sun ɗauka yaƙi ya taɓa mini kai. Na fasa lakar na kwance tsumman. Ta ɗauki sarƙar, ta gane ta uwarta ce, ta rufe fuska da mayafi. Sannan na buɗe bangon Littafina na karanta musu abin da na ci, na magani daban, na waya daban, na kuma faɗi irin wayar da na saya. Wannan ya fi mini ɗaukar ƙwaryar ƙwan zabi wuya.

Ta ce, "Ƙanena, wannan ba bashi ba ne, na yafe duniya da lahira." Da ta ji labarin Inna, a take ta zare awarwaro ɗaya ta ce mijinta ya kai Sinnar a sayar in tafi gida. Ana cikin neman mai saye da tambayar hanya, kwana tara da zuwana, ƙanwata ta kira. An yi jana'izar Inna washegari, a gefen kabarin mahaifina.

Na ƙirga kwanakin nan ya fi sau ɗari. Da na shiga motar jami'a, ko da kwanakin da yaran suka yi a yashe a iyakar Masar, da na same ta da rai, da na yi jinyarta wata guda. Da na sayar a Madani, wataƙila da na riski kwanakinta na ƙarshe. Masu ba da shaida sukan ce sun yi biyayya sai Allah ya ninka musu. Ni ban ga ninki ba. Na yi wata biyu ba na iya buɗe Littafi, in na durƙusa ba abin da ke fita sai "Ubangiji, ka gani." Mutanen gidan, Musulmi ne gaba ɗayansu, su suka zauna mini zaman makoki kwana uku, maƙwabta suna shigowa suna yi mini gaisuwa kamar ɗan gida. Mijin Yaya ne ma ya binciko mini inda Kiristoci ke taruwa a Sinnar, ya ce zaman kaɗaici ba zai yi mini magani ba.

Na mayar da awarwaron, tunda tafiyar ta fasu. Baba ya dawo bayan Babbar Sallah ta jirgin ruwa daga Jidda zuwa Sawakin, ya rame, ido ɗaya ya fara ba shi matsala. Ashe wayarsa ce ta ɓace a Makka tun makon farko. Da aka ba shi labari bai ce mini komai ba, hannuna kawai ya riƙe ya ƙi saki. Shagonmu na Mayo an fasa shi tun a Mayu, har kekunan an kwashe.

An ɗaura auren jikar ba tare da biki ba, zobe ɗaya kawai ta sa. A Disamba 2023 Madani ta faɗa hannun Da'ama, tsoro ya sauko har Sinnar. Baba ya ce a sayar da sauran. Da kuɗin zinariyar nan aka ɗauki hayar babbar mota, mu ashirin da uku har da jarirai da wata makauniyar gwaggo, muka nufi Gadarif, aka kama ɗakuna biyu da rumfa. Wata shida bayan haka Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta faɗi, muka ga mutanen yankin suna shigowa Gadarif a ƙafa cikin ruwan damina, wasu sun binne nasu a hanya. Yaya takan ce Allah ne ya aiko ni. Ba na musa mata. Amma ba na iya ɗora mutum ashirin da uku a sikeli ɗaya da Inna in ce lissafi ya daidaita, kuma na daina ƙoƙarin yin haka. Na bar wa Mai shi.

Yanzu a Gadarif nake, na samu keke na haya a wata rumfa kusa da kasuwa, ina ɗinka wa 'yan gudun hijira da masu aikin gonakin riɗi. Wayar nan na daɗe ina neman masu ita ta lambobin da ke ciki, har na dace da wata mata a Kasala da ta ce ta ƙanenta ce, na ba wani direba ya kai mata. Kuɗin magani na karɓi yafiyar Yaya. Na waya kuwa na ce sai na biya. Duk ƙarshen wata nakan kai wa Baba wani abu, ya yi ta faɗa yana cewa "ya zol, ba ka jin magana", sannan ya ba jikansa ya kai takiyyar unguwa, inda ake dafa wa waɗanda ba su da shi. Darajar jine ta zube ƙwarai, don haka da farashin waya na yau nake lissafi, saura kashi biyu in gama.

Fasfona ya ƙare, ina neman yadda zan sabunta shi in je in ga kabarin. Dutsen gugan yana nan, da shi nake aiki kullum saboda wutar Gadarif ba ta da tabbas. Akwai guntun laka da ya ƙone ya manne a lungunsa ta wajen hanci, na sa wuƙa na kankare ya ƙi fita.